Barau da Bokitin Sanyi

Duk wanda ya san Barau Direba a Birnin Kudu ya san ba ya ƙaunar ƙofa a buɗe. Ko ɗakin wani ya shiga gaisuwa, sai ya waiwaya ya ga ko na bayansa ya ja ƙyaure. Ba da halin aka haife shi ba, aiki ne ya koya masa. Ɗan Maruta ne, can ƙasar Gwaram, gidan manoma, amma tun yana saurayi ya bi mota. Ya yi yaron mota, ya yi tuƙin haya tsakanin Gwaram da Kano, daga baya wani attajiri a Kano ya ɗauke shi direba. A motar Alhajin nan ya fara sanin esi, na'urar sanyaya mota. Ranar farko ya kunna, ya bar gilashinsa a sauke da hannu a waje kamar yadda ya saba. Alhaji ya daka masa tsawa daga baya, ya ce ya rufe, sanyin fita yake yi. Barau ya riƙe maganar nan kamar a allo ya karanta ta. Tun daga ranar, a wurinsa sanyi wani abu ne da ake kamawa a kulle.

Ya yi wa Alhaji tuƙi har gemunsa ya yi fari. Sai yanar ido ta fara kama shi, fitilar motar da ke tahowa ta riƙa zame masa biyu. Aka sallame shi cikin mutunci, ya dawo Birnin Kudu wurin matarsa Mairama.

Zaman gida bai karɓe shi ba ko kaɗan. Akwai wani benci a ƙofar gidansa inda tsofaffin unguwa ke zama daga hantsi har azahar suna kallon masu wucewa, kuma Barau ya tsani bencin nan tsana ta gaske. In ya zauna a kai ji yake an gama da shi. Sai ya shiga cikin gida ya kama gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance rediyon Mairama tana cikin magana, bai iya mayar da ita ba. Da ƙanensa Safiyanu ya zo daga Maruta yana cewa yana neman mai gadin gonar kankanarsa ta bakin rafi, saboda shanu da awaki, Barau bai bari ya ƙarasa ba ya tashi ya hau haɗa kaya.

A gonar akwai bukkar kara, da tabarma, da tulu. Barau ya ji daɗin wurin ƙwarai. Yana zagaya gona da sanda, yana fira da makiyaya, yana ƙwanƙwasa kankana da yatsa yana kasa kunne kamar inji yake saurara. Amma bazara ta shigo da irin zafin nan mai busar da leɓe, wanda ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe. Wata rana da azahar jiri ya kwashe shi a tsakiyar kunya, sai wani makiyayi ne ya tsince shi. Safiyanu ya kai shi gida ya huta, kuma a gaban Mairama ya kafa masa sharaɗi.

"Yaya, ni ba zan ɗauki alhakinka ba. In ka sake faɗuwa a gonar nan, wallahi ka dawo gida ke nan. Na sa wani."

Barau ya kalli ƙofar gida, inda bencin yake.

A kwanakin hutun ne 'yarsa Mas'uda ta nuna masa wani bidiyo a waya. Wani Bature ne ya kafa tanti a jeji, ya huda bokiti, ya zagaye cikinsa da jiƙaƙƙen abu, ya ɗora fanka a kan murfi, sannan ya kai fuskarsa yana murmushi. Ba su ji abin da yake faɗa ba, Barau kuwa ko ganinsa ba ya yi sosai, sai da ya kai wayar dab da hanci. Amma hannunsa ya gane. Ya samo bokitin fenti, ya gasa ƙusa a murhun Mairama ya huhhuda jikinsa. Ya yanko buhun algarara ya naɗe ta ciki, gindinsa na cikin ruwa don ya riƙa sha yana hawa. Ya yanke murfin, ya zaunar da ƙaramar fanka mai caji a kai.

A tsakar gida ya gwada, ƙarƙashin darbejiya. Ya kunna, ya kai tafin hannu. Sanyi ne ke fitowa, na gaske, mai ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa. Mairama ta ajiye tsintsiya ta durƙusa a gaban bokitin ta ƙi tashi.

"Malam, wannan dai ka bar mana shi. Ka yi wani."

"Wannan ai somin taɓi ne," in ji Barau. "A fili ke nan, rabin sanyin gudu yake yi. Bari ki ga in na kulle shi a ɗaki."

Ya koma gona da bokitinsa da ɗan farantin sola na cajin fanka, da kuma ƙunshin leda. Yini guda ya yi yana aikin bukkar. Bukkar kara ai duk kafofi ce, iska na shiga ta ko'ina, shi kuwa a idonsa kowace kafa ɓarauniya ce. Ya lulluɓe bangon da leda ta ciki, ya cusa tsumma a ƙarƙashin jinka, ya rataya tsohon tamfol a ƙofa ya danne gindinsa da dutse. Da rana ta take, ya shiga ya rufe, ya kunna fanka, ya miƙe ƙafa yana jira.

Da farko sanyin ya zo, har ya yi hamdala. Can sai ya ji iskar ta yi nauyi. Zufa ta fara tsattsafo masa, ta ƙi bushewa. Ya kai hannu bakin fanka, sai ya ji wani ɗumi mai danshi kamar ya buɗe tukunyar dambu. Ya duba ledar bango ya ga har gumi take yi. Ya fito yana haki, ya tsaya cikin rana, abin mamaki sai ya ji wajen ya fi daɗi.

Nan kan Barau ya ɗaure. Bokitin dai shi ne, buhun shi ne, fankar ita ce. A fili ya yi aiki, a ɗakin da aka gyara masa ya ƙi. Ya yi tunani irin na direba: tunda sanyi ya zo da farko sannan ya ɓace, to akwai inda yake zurarewa. Ya bi bango da tafin hannu yana lalube, ya samu 'yan kafofi ya toshe da taɓo. Washegari abin ya fi jiya muni.

Sai ya zargi ruwan. Na gida ruwan rijiya ne, wannan kuwa na rafi, wataƙila ya yi ɗumi. Ya aika wa wani tsohon abokin tuƙinsa, aka kawo masa jarka guda daga rijiyar gidansa tun daga Birnin Kudu. Direban ya sauke jarkar yana kallon rafin da ke gefen gona, yana kallon Barau. Ruwan gida bai sauya komai ba. Ya zargi buhun, ya sauya. Ya zargi fankar, ya kwance ta ya hure ya mayar. Akwai ranar da ya fito da bokitin waje don ya duba shi a haske, ya kunna, sanyi ya daki fuskarsa. Ya sungume shi da gudu ya shige bukka ya ja tamfol kafin ya tsere. Bai jima ba ya koma ɗumi.

Daga nan ya fara tunanin ko ba lafiya ba. Ya yi addu'a ya tofa a kusurwoyin bukkar. Ya tuna akwai tsamiya ba nisa. Ya tuna yadda Mairama ta ce a bar mata shi ya hana, ko alhakinta ne. Ya kira ta a waya, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Mairama, ba kya riƙe da ni a zuciya kan bokitin nan ko?"

"Wane irin riƙo kuma, Malam? Ba ya yi ne?"

"Yana yi mana. Har mayafi nake nema."

Ya kashe wayar yana jin kunyar kansa, don shi ba maƙaryaci ba ne. Amma ya san maganar za ta kai kunnen Safiyanu, kuma abin da yake so ke nan. Gaskiyar ita ce tsoro ya kama shi. Kankana ta kusa isa yanka, in ya kai ƙarshen kakar nan a tsaye, baɗi ma shi ne mai gadi. In bai kai ba, ya san inda za a ajiye shi.

Maganar ta kai. Safiyanu ya aiko cewa ranar Laraba zai biyo bayan azahar ya ga esin da ake ta labari. Barau ya ƙudurta ranar ba zai bar wa sanyi ko ƙofar allura ba. Tun hantsi ya ƙara leda a kan leda. Ya ce wataƙila haƙuri ne bai yi ba, kullum yana saurin fitowa ya buɗe ƙofa, alhali ko motar Alhaji sai ta ɗan jima kafin ta ɗauka. Ya jiƙa wani buhun ya rataya a ciki don ƙari. Ya yi sallah, ya shiga, ya danne tamfol, ya zauna a gaban bokiti ya ce yau ko shi ko shi.

Zufa ta jiƙa masa riga ta gangara har wando. Numfashi ya fara yi masa wuya. Ya ce yanzu zai juya. Kunnuwansa suka fara ƙara, ƙarar fankar ta yi nisa. Yana dai kallon bokitin yana tambayarsa a zuci me ya yi masa.

Bai ji zuwan babur ba. Ya dai ji an fizge tamfol, haske ya shigo, an ce "Innalillahi!" Safiyanu ya ja shi waje ta hammata, ya koma ya sunkuto bokitin, ya cire murfin da fankar ya jefar, ya juye masa ruwan gaba ɗaya tun daga ka. Ya ƙara da na tulu. Barau ya buɗe ido yana tari.

"Yaya, kashe kanka za ka yi? Wannan ai gasa mutum ake yi a ciki!"

"Ban faɗi ba," in ji Barau. "A zaune ka same ni."

"A zaune ko a kwance, hau babur. Asibiti za mu, daga can gida."

Ba shi da ƙarfin musu. Ya hau baya, ya rungumi ƙugun ƙanensa, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Ya waiwaya ya ga dishi-dishin bukkar da bokitin a kife, ransa ya ɓaci har ya ji ƙwalla.

Suka fita daga kunyoyi suka hau turba, Safiyanu ya murɗa. Iskar bazara ce mai zafi, wadda Barau ya san ta, amma da ta bugi jiƙaƙƙiyar rigarsa sai ya ji kamar an manna masa ƙanƙara a baya. Ya zabura. Ya ɗaga hannu ɗaya, iskar ta shiga ta hannun riga ta fita ta wuya, sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ko a motar Alhaji bai taɓa jin irinsa ba. Ga rana tsaka, ga shi a fili, babu bango babu rufi. Ya dubi rigar ya ga gefenta har ya fara bushewa, kuma inda ke bushewar nan ne ya fi sanyi. Ashe sanyin ba zama yake yi ba. Sai iska ta shigo ta ɗauki ruwan ta wuce da shi sannan ake jin sa. Duk kafar da ya toshe, ita ce bokitin ke nema.

Ya buga kafaɗar Safiyanu.

"Tsaya! Juya mu koma! Ledar ce, a cire ledar kawai!"

"Me ka ce, Yaya?"

"Na gane! A buɗe ake barinsa! Mu koma in nuna maka!"

Haƙoransa na haɗuwa, maganar na fita guntu-guntu. Safiyanu ya ji hannuwan da ke ƙugunsa suna karkarwa. Mutum yana rawar ɗari a tsakiyar bazara, yana sambatu, kuma Barau ne da bakinsa ke cewa a bar abu a buɗe. Gabansa ya faɗi.

"Sannu, Yaya. Zazzaɓi ne ya hau maka ka. Riƙe ni da kyau, mun kusa."

"Lafiyata ƙalau! Sanyin ne ya zo!"

"Na sani, Yaya, na ji. Ka yi ta salati."

Ya ƙara wuta. Iska ta ƙaru, sanyin ya ƙaru, Barau ya ƙara karkarwa, gonar kuma tana ta yin nisa a bayansu.