Sunan da Inna ba ta faɗa

Wayar gidan Alhaji maƙwabcinmu ita kaɗai ce a layinmu a Suleja. Baƙa ce, an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar ƙwaryar nono. Duk Juma'a bayan la'asar nan muke zama ni da Inna, muna jiran kiran Yaya.

Yaya mai buga takardu ne a wata ma'aikata a Abuja. Wata takarda ta ɓulla a jarida, aka ce shi ya fitar. Mulkin soja ne, sai ya ɓuya a Tafa wurin Goggo. Ranar Juma'a yakan hau mota ya yi nisa, sannan ya kira.

Ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan," take cewa. A waya ma, "Kana cin abinci? To." Sai ta miƙo mini.

"Inna, kunya har cikin waya?"

"Ke dai sakandare ta lalata miki baki."

Alhaji yakan ce, "Ƙyale ta, 'yata. Wayar nan ba mu kaɗai ke cikinta ba."

Wannan Juma'ar ruwa ake yi, gajimare ya haɗiye kan dutsen Zuma. Muryar Yaya ta zo ƙasa-ƙasa kamar daga rijiya. Na toshe kunne ɗaya, na ɗaga murya, na kira sunansa cikakke, har da na Baba. "Kai ne? Ruwan ya kai Tafa? Ya Goggo?"

Sai wani ɗan ƙyas, da numfashin da ba nasa ba.

"Ƙanwata," Yaya ya ce, ya ajiye.

Ranar Litinin mutum biyu daga hukumar tsaro suka zo sanye da kaftani mai guga. Suka yi sallama, suka sha ruwanmu. Babban ya ce, "Hajiya, kada ki ga laifinmu. Da ba ma sauraren waya, da ba ku yi barci a garin nan ba." Ashe tun safe suka ɗauke Yaya a Tafa, yana alwala.

Wata uku ke nan. In na ɗaga kai na ga tsuntsaye jere kan wayar layinmu, sai in ga kamar muryata ce ke tafiya cikinta har yanzu, ɗauke da sunan, tana neman kunne.

Jiya bayan azahar na ji Inna kan dadduma tana faɗin sunansa, a hankali, sau uku, kamar mai ɗanɗana shi.