Ba a Yi wa Mai Ƙugiya Magana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Janairu na shekarar 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ustad, wato gwanin sana'a, Karam Ilahi, mai alewar riɗi na layinmu a nan garin Chakwal, yana da shekara tamanin da 'yan kai. Ina tsaye a kan kaskona, mazarƙwaila ta fara tafasa, sai na ji ladan ya gyara murya a lasifikar masallaci alhali ba lokacin salla ba ne. Tun kafin ya kai ga sunan na sauke kaskon daga wuta. Jikina ya riga ya ba ni.

Lala, ni ne Sultan Baksh, maƙwabcinka na tsallaken titi. Lala nake ce maka tun ina saurayi, kamar yadda ake kiran wa, ko da yake ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Sana'armu ɗaya, shagunanmu na kallon juna, kuma ka ƙare rayuwarka kana gaya wa masu saye cewa alewata ba ta da amfani sai wajen liƙe tukunyar da ta tsage. Wallahi yau da zan sake jin wannan baƙar maganar daga bakinka, da na ba da kaskona da murhuna.

Muna dawowa daga maƙabarta dattawan layi suka ja ni gefe. Ka san ƙa'idar layinmu fiye da ni. Idan mai alewa ya rasu bai bar ɗa ko wanda ya koya a hannunsa ba, wanda zai rataya alewa a ƙugiyarsa, to ranar addu'ar uku ake zare ƙugiyar daga bango a miƙa wa iyalinsa, shagon ya koma ɗaki kamar kowane ɗaki. Babban masu alewar layin ne yake zarewa. Da tafiyarka ni na zama babba. Suka ce, "Sultan Baksh, aikin naka ne." Ɗanka ɗaya ne, ya riga ka tafiya da daɗewa, yaran da ka koya wa kuwa duk sun watse birane neman abin da ya fi sauƙi.

Ita dai ƙugiyar ƙarfe ce baƙa, tsawon kamu ɗaya, a kafe a bangon ɗakin aikinka daidai tsayin goshi. Ka sha gaya mana cewa kakanka ne ya sa maƙeri ya ƙera ta daga tsohon bakin garma. Ka ce wai kafin shi mutanen layin nan sandararriyar mazarƙwaila suke gurgura har haƙora su kakkarye, sai wata rana ya dafa ta ta ƙi daskarewa, ya fusata ya maka ta a kan turken da yake rataye rawaninsa. Ta zubo, ya mayar. Ta sake zubowa, ya sake mayarwa, har ya ga baƙar aba tana yin haske a hannunsa. Nakan ce, "Lala, ji tsoron Allah, kowane gida a layin nan kakansu ne ya ƙirƙiro ta." Kai kuma ka ce, "Naku kakan ai kallo ya zo." Ko labarin gaskiya ne ko da ƙari, abin da idona ya gani shi ne ƙarfen nan ya cinye ta tsakiya, ya yi santsi yana sheƙi, kuma ba wani abu ya cinye shi ba sai alewa mai laushi da hannuwan gidanku.

Wanda bai ga Karam Ilahi a gaban ƙugiya ba, bai ga sana'ar nan ba. Ni ma ina ja, na kuma ci abinci da ita har na aurar da 'ya'ya, amma na san iyakata. Za ka dafa mazarƙwailar kana kwashe kumfa har ta yi tas, ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, ka murza da yatsa, ka kai kusa da kunne ka karya. Idan ƙarar ta yi maka, sai a juye a kan dutsen da aka shafe da man shanu, ka yi ta naɗewa har hannu ya iya ɗauka. Ni a lokacin nan sai na yi ta hura yatsu. Kai kuwa sai ka sungumi curin nan mai nauyin ɗan akuya, da zafinsa, ka yi bisimilla ka rataya. Ka ja da baya, ka ninka, ka wurga, ka sake ja. Kana da wata 'yar murɗa da kake yi da hannun hagu kafin wurgin, wadda na kalla shekara da shekaru ban iya ba. A gaban idonmu baƙar aba za ta koma ja, ta koma ruwan zuma, ta koma ruwan zinariya, iska na shiga cikinta tana ƙara haske. Babu abin da aka zuba, babu abin da aka rage. Sau nawa na tsaya da tawa alewar tana sandarewa a baya, ina cewa tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ɓoye wannan haske a cikin ruwan rake.

Saboda wannan aikin ne ba a yi wa mai ƙugiya magana. Alewa ba ta jira. Ka tsaya ka amsa gaisuwa, ta huce ta ƙage, aikin yini ya tashi a banza. Don haka duk wanda ya tarar da mutum yana ja, ko sallama ba ya yi, sai ya tsaya har a sauke. Yara sun sani, masu bara sun sani, har surukai masu zuwa da fushi sun sani.

Akwai ranar da nake so a sani, ko da yake ka hana ni faɗa kana raye. Shekara ashirin da wani abu ke nan. A layinmu mai alewa ba ya ja wa bikin 'yarsa, maƙwabci ne yake ja masa. Bikin Robina 'yata ya zo, kai ne ka karɓi aikin, kana cewa, "Gara ni, kada dangin ango su koma gida babu haƙora." Ana jibi ɗaurin aure, da safe cikin sanyi, ina tsaye a ƙofarka ka rataya curi mafi girma da na taɓa gani. Ka yi nisa da ja ke nan sai ga sojoji biyu sun shigo layin, suna riƙe da akwatin ƙarfe irin na kayan soja a tsakaninsu. A jikin akwatin an rubuta sunan Tanwir, ɗanka tilo, wanda yake aiki can kan duwatsun arewa inda ƙanƙara ba ta narkewa.

Babban cikinsu ɗan wani ƙauye ne nan kusa, ya san ƙa'ida. Ya buɗe baki, ya ga hannunka a kan alewa, sai ya rufe. Suka ajiye akwatin suka tsaya. Layi ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar alewa tana faɗa wa ƙugiya.

Ka gan su, Lala. Na ga lokacin da idonka ya sauka a kan akwatin. Na jira in ga curin nan ya faɗi ƙasa, don ni da nawa hannun ne da ya faɗi. Wurgi ɗaya ba ka kuskure ba. Abin da kawai ya canza shi ne ka kawar da fuskarka gefe, ka ci gaba da ja kana kallon bango. Sai daga baya na gane dalili: hawaye ne suke bin gemunka, ba ka so su ɗiga a alewar amarya. Haka ka yi ta ja har ta yi fari, ka sauke, ka miƙa wa masu yanka, ka ce a gasa riɗin da kyau. Ka wanke hannu. Sannan ka juyo ka ce, "To, samari, yanzu ku faɗa." Suka ce ƙanƙara ce ta rufto musu, shi da abokan aikinsa.

Na ce za a ɗaga bikin. Ka kama hannuna ka ce, "Robina ba ta yi wa kowa laifi ba. A ɗaura." Aka ɗaura babu kiɗa babu guɗa, baƙi suna ta yabon alewar, ni kuwa na kasa kai ko ɗaya bakina. Bayan shekaru na tambaye ka me ya hana ka sakinta a ranar. Ka ce, "In na sake ta Tanwir zai dawo? Waccan ta Allah ce, Sultan. Wannan kuwa a hannuna take."

Tanwir ya bar matarsa Kausar da jaririya a goye. Da ta gama takaba danginta suka zo tafiya da ita. A gabansu ka ce, "'Yata, ƙofar gidan ubanki a buɗe take, ta wannan gidan ma a buɗe take. Inda ranki ya kwanta nan za ki zauna." Ta zauna. Ka raini Mahwish jikarka har ka aurar da ita, kuma ban taɓa jin ka kira uwarta suruka ba. Ba su kaɗai ba ne suka sha inuwarka. Duk sojan layin nan da zai koma bakin aiki sai ya tarar da ƙunshin alewa a kan jakarsa. Curin farko na kowane sanyi kuwa ba ya hawa sikeli, na yaran unguwa ne da zawarawa.

Da tsufa ya kama ka, kafaɗarka ta dama ta ƙi ɗaguwa. A masallaci ina ganin yadda kake fama wajen kabbara. Sai ka fara rufe ƙofar ɗakin aiki, ka ce iska na damunka. Amma kullum da safe ina jin ƙarar ja daga ciki, alewar kuma ba ta canza ba ko kaɗan. Na ce, "Lala, kai da ba ka iya ɗaga buta, wa ke ja maka? Aljani ka ajiye?" Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Aljanin nawa ya fi ka iya aiki, ya kuma fi ka tsafta." Na ɗauka irin tsiyarka ce ta kullum.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, na aro awartaki wajen maƙeri na sa a aljihu. Dattawa suna biye da ni, ina ta maimaita kalmomin da zan gaya wa Kausar, don a ƙa'ida sai an nemi izinin iyali kafin a taɓa bango. Muna isa muka tarar ƙofar ɗakin aikin a buɗe wayam, ƙamshin mazarƙwaila ya cika titi.

Kausar ce a gaban ƙugiya. Matar da ta ba hamsin baya, ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu, hannuwanta na sheƙi da man shanu, ga curi a rataye tana ja. Ɗaya daga cikin dattawan ya buɗe baki zai yi magana, na dafa ƙirjinsa. Ba a yi wa mai ƙugiya magana. Muka tsaya a daidai inda sojojin nan suka tsaya.

Ta ja da baya, ta ninka, sai na ga hannun hagunta ya yi 'yar murɗar nan kafin wurgi. Abin da na kasa ɗauka ina kallo daga tsallaken titi tun ina da baƙin gashi, ga shi a hannun Kausar kamar da shi aka haife ta. Baƙi ya koma ja, ja ya koma ruwan zinariya. Mutanen da suka zo addu'a suka taru a bayanmu, babu mai ko tari. Can na ga ta kawar da fuskarta gefe tana kallon bango, hannuwan kuwa ba su tsaya ba. Nan ne ƙarfina ya ƙare, na yi kuka a gaban jama'a da girmana da furfurata.

Da ta sauke ta wanke hannu, ta juyo ta ce, "Baffa Sultan, sannu da zuwa. Na tsayar da ku."

Na ce, "Kausar, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun da kafaɗar Abba ta ƙi. Shi ya so a buɗe ƙofar tun tuni, ni ce na ji nauyin bakin mutane. Ya ce duk ranar da na shirya in buɗe da kaina." Sai ta dubi aljihuna inda awartakin ya turo kai. "Me ke tafe da ku, Baffa?"

Na ce, "Ɗanɗano muka zo."

Ta gutsuro mini da ɗuminta. Na tauna, na juya na dubi dattawan, babu wanda ya iya haɗa ido da ni. Da yamma na mayar wa maƙeri awartakinsa.

Lala Karam Ilahi, Allah Ya jiƙanka da rahamarSa, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi kamar yadda Ya haskaka abin da ke hannunka. Allah Ya sanya kowane yaro da ka faranta wa rai, da kowane hawaye da ka kawar daga alewar 'yata, a ma'aunin alherinka. Allah Ya sada ka da Tanwir a Aljanna Firdausi, inda babu sanyi kuma babu rabuwa. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu zuwan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga jikarka Mahwish da mijinta, da dangi na kusa da na nesa, da mutanen layinmu baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi. A ƙarshe ina miƙa ta ga 'yarka, mai ƙugiyar gidan nan, Ustad Kausar. Allah Ya ƙarfafa kafaɗarta, amin.