Sai-An-Gani da Kunnen Karen Tsohuwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, ina wanke hannu a ɗakin tiyata aka faɗa min ka rasu. Na daɗe a tsaye, famfo yana zuba.

Ba zan yi maka ƙarya kana kwance a kabari ba: shekara goma sha biyu ina ƙyashinka. Ni na koya maka riƙe kunnen kare ba tare da ya kai maka cizo ba, amma ba a yi shekara uku ba masu karnuka suka fara wuce ƙofata suna tambayar "likitan nan mai hoto". A asibitinmu Sai-An-Gani ake ce maka, don duk ƙarin da ya fito a ramin kunne ba ka yarda wuƙa ta taɓa shi sai na'ura ta ɗauki hoton kan gaba ɗaya. Ni na laƙaba maka sunan, kuma don ba'a na yi.

Na tuna karen wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai, shi ne mai gadinta. An kawo shi yana karkata kai, kunnen yana wari. Na leƙa da fitila, na ga ɗan ƙari kamar ƙwayar wake, na ce a shirya tebur, minti ashirin na gama. Ka matso ka ce, "Malam, a yi haƙuri a ɗauki hoto tukuna." Na ce tun ba a sayo na'urarka ba nake leƙa kunnuwa. Ka sake cewa a yi haƙuri. Da hoton ya fito, ashe bakin abin kawai na gani. Ya wuce dodon kunne, har ya fara cin ƙashi. Da na yanke saman na sallame shi, da tsohuwar ta rasa karenta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wanda ka yi bayan nan. Ka zagaye wurin a jikin hoton da jan biro, ka ajiye min shi a tebur, ka fita ka ce mata, "Mama, babban likita ne ya ce a duba ciki." Ta yi ta sa min albarka, ni kuwa na karɓe ba kunya. Ban taɓa gode maka ba. Har kirkin naka haushi ya ba ni, don ya fi nawa.

Jiya tsohuwar ta zo gaisuwa tana dogara sanda. A gaban matarka da 'ya'yanka na faɗa mata wanda ya ceci karenta. Na makara da shekara shida.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa tausayin da ka yi wa dabbobin da ba sa iya faɗin ciwonsu ya zama hujja a gare ka. Iyalinsa, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma ku roƙa min gafara, don wanda ya kamata in ce ya yafe min ya riga ya tafi.