Ranar da Inna ta zo ganin ɗanta a tele

Ko zan manta da komai, ban da wata Asabar a gidanmu na unguwar Zariya, cikin Maraɗi, zamanin da ake rigimar tazarce, kowa kunnensa na jikin rediyo.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ya shekara shida a Libiya, ba wanda ya ga fuskarsa. Sai ga wani direba ya kawo faifan sidi, wai yaron ne a ciki da matarsa da jaririnsu. Ni ke da ordinata, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, ta wurin aiki, don haka na aika Tibiri na ce Inna, uwar yaron, ta zo. Har da cika baki: a babbar tele za ta gan shi, kamar yana zaune gabanta.

Da hantsi ta sauka daga kabu-kabu cikin sabon zane. Na jona waya daga ordinata zuwa tele, tele ta yi shuɗi ta tsaya. Sau biyu ina zuwa Sabon Gari canjin waya. Kafin in dawo, labari ya zaga unguwa, ɗaki ya cika, kuma kowa ya zama gwani. Wani tela maƙwabcinmu, wanda ko rediyonsa ni ke kama masa tasha, ya ce, "Malam, bubbuga mata baya, haka tawa take yi." Wannan ya fisge telekomand, wato rimot, wancan ya hau rufi yana juya eriya.

Bayan azahar hoto ya fito. Ga shi nan, ya yi ƙiba, bakinsa na motsi, amma ba sauti. Inna ta matso ta ce, "Mi ya samu muryarshi? In ba shi da lahiya ne ku hwaɗa mini." Ina rantse-rantse ina sauya wayar sauti daga rami zuwa rami, sai aka ɗauke wuta. Tela ya ce ai da na bubbuga. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, dattijo sa'an babana.

Inna ta gyara mayafi ta ce la'asar ta yi, za ta koma. Cikin fushi na tuttumɓuke wayoyin duka. Nan take murya ta fito daga ordinata, wadda ke aiki da batirinta: "Inna, ina wuni?"

Ta dube ni ta ce, "Ashe ƙaramar na magana? Tun da sahe?"

Ta ɗora ta a cinya, yana gaisuwa tana amsawa, tana shafa kan jaririn da yatsa. Ni kuwa na bi tela har shagonsa don ba shi haƙuri.

Tun ranar na gane cewa idan mutum ya zo da buƙata, buƙatar ake fara biya masa. Inna ɗanta ta zo gani, ni na tsare ta wuni guda tana kallon burgata.