Na Goge Aikin Wani Dattijo, Sannan Na Ɗora Masa Laifin

A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ban daɗe da dawowa gida Garwa daga karatun kwamfuta ba, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro ta. Mahaifina mahauci ne, kakanninmu fatauci ya kawo su daga arewacin Najeriya suka zauna, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya sami aikin ofis. Wata makarantar gaba da sakandare mai zaman kanta ce ta ɗauke ni in riƙa kula da kwamfutocinta. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba, domin laifin nawa ne ni kaɗai. Halina a lokacin garaje ne. In kama wannan aiki, kafin in kai ƙarshensa na tsallaka kan wani. Mahaifiyata takan ce ko tuwo a tsaye nake ci. Ni kuwa a ganina ƙwazo ke nan.

Makarantar tana da ɗalibai da yawa waɗanda ba a Garwa suke zaune ba. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da matan aure a Bibemi da Kaele, har can Tibati, waɗanda sai jarrabawa ke kawo su. Matsalarsu aikin gwaji ne, domin kwamfutocin yawancinsu sun tsufa, ba sa ɗaukar manhajojin da ake koyarwa. Sai shugaban makarantar ya sayo babbar kwamfuta guda, aka sa ta a wani ɗan ɗaki mai na'urar sanyaya wuri saboda zafin garinmu, ya ce in yanka wa kowane ɗalibi tasa ƙaramar kwamfutar a cikinta. Ba irin wadda ake taɓawa da hannu ba ce. Ɗalibi yana garinsu, in dai akwai rezo, wato sabis ɗin waya da intanet, sai ya sa sunansa da lambar sirri, ta buɗe masa a allon tsohuwar tasa, ya yi aikinsa, aikin kuma ya zauna a can wurina. Da na yi wa mahaifina bayani sai ya ce ai watanda ke nan, sa ɗaya kowa da kasonsa.

Sati uku na yi na tayar da abin, ya kuwa yi kyau. Shugaba ya yaba mini a gaban malamai, kaina ya ƙara girma. Ranar da aka tara ɗaliban don a nuna musu yadda za su shiga, wata mata daga Tibati ta tambaya, idan babbar kwamfutar ta lalace, ina makomar aikinsu? Na ba ta amsa da ƙarfin gwiwa cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, kowane mako ana kwafe komai a ajiye a wani wuri dabam. A raina ban ɗauke ta ƙarya ba, don na yi niyyar yi. Faifan da aka sayo don wannan aiki yana cikin durowata, a kwalinsa. Kullum sai in ce gobe. Yau an ɗauke wuta, gobe wani malami na neman a gyara masa firinta, jibi na gano wata sabuwar dabara ina son gwadawa. Haka aka shekara biyu, ƙura ta rufe kwalin.

Cikin ɗaliban akwai wani dattijo da ya haura hamsin, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Kaele. Ba Bahaushe ba ne, da Fillanci muke magana, in ta kama mu haɗa da Faransanci. Ya kusa haihuwata, amma Malam yake ce mini, ni kuma in ce masa Baba. A ƙauyensu babu rezo, saboda haka duk Asabar sai ya hau babur zuwa Kaele, ya zauna a rumfar wani mai shago ya wuni yana aiki. Kuma duk Asabar sai ya kira ni. Wani lokaci ya manta inda zai danna, wani lokaci gaisuwa ce kawai, ya tambayi gida da aiki da zafi ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ta kaɗa ƙafa ina jiran ya gama. Aikinsa na kammala karatu a kan manoman auduga ne. Ya bi ƙauyuka yana aron tsofaffin littattafan da wasu manoma suka riƙa rubuta ranar da ruwa ya sauka da ranar da suka yi shuka, ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar wa masu su, yana gina manhajar da za ta taimaka wa manomi sanin lokacin shuka. Sau biyu yana tambayata ko ya kamata ya ajiye kwafi a wurinsa, ya ce tsohuwar kwamfutarsa ba ta da wuri amma zai nemi dabara. Sau biyun ina yi masa dariya, ina cewa kada ya wahalar da kansa, aikinsa yana hannun masu shi.

Da sababbin ɗalibai suka shigo, babbar kwamfutar ta cika. Shugaba yana ta aiko mini cewa mutane na jira, ni kuma ba na son in je in ce masa a ƙaro kaya, kada a ce ban iya tsari ba. Sai na yanke wa kaina hukunci, ban shawarci kowa ba: duk wanda ya kwana arba'in bai shiga ba, ya bar karatun ke nan, a goge tasa a ba wani. Ranar wata Juma'a ce da hantsi, ina sauri in gama in wuce masallaci. Na fitar da sunaye tara. Na ga sunan dattijon a ciki, kwana arba'in da shida bai shiga ba. Wallahi hannuna ya tsaya. Lambarsa tana cikin wayar da ke aljihuna. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne doguwar gaisuwarsa, da yadda na ɗan huta da kiransa a 'yan makonnin nan. Na ce ai tsufa ya yi halinsa, ya gaji ya ajiye. Na danna, kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na kulle ɗakin na tafi salla.

Saura mako uku a fara kare ayyukan kammala karatu a gaban malamai, abin da muke kira sutnans, sai ga shi a ƙofar ofishina da sanda, ya rame ya yi baƙi. Ashe a hanyar Kaele babur ya kayar da shi, ƙafarsa ta karye, aka kai shi wurin mai ɗori a wani ƙauye inda ko kira ba ya shiga. Ya ce tun da ya fara takawa yake gwada shiga, ana ce masa ba a san sunansa ba, shi ya sa ya shigo mota ya zo da kansa. Na zaunar da shi, na fuskanci allo ina danne-danne na ƙarya. Na ce masa wataƙila ɗauke wutar da aka yi ta ɓata wani abu, ya dawo gobe. Ya ce babu komai, ai akwai kwafin da ake yi kowane mako. Ban iya kallonsa ba.

Abin da na yi bayan nan ya fi gogewar muni. Da shugaba ya kira ni, sai na ce bincikena ya nuna daga ɓangaren ɗalibin aka yi kuskuren, irin waɗannan manyan da suka zo wa kwamfuta da girma sukan danna abin da ba su sani ba, kuma abin da mutum ya goge da hannunsa ba ya shiga kwafi. Shugaba bai san kan abin ba, ya yarda. A gabana ya faɗa wa dattijon cewa sai dai ya maimaita shekara. Dattijon bai yi musu ba. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Malam, kai ka ce mini kada in ajiye." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Daga ranar zama ya gagare ni. Da can gaggawa ce ke hana ni zama, yanzu kuwa wani abu ne yake cina daga ciki. In zauna a ofis in ji kamar ɗakin ya matse ni, in fita tsakar makaranta in ji kamar kowa ni yake kallo. A ranar na buɗe kwalin faifan, aikin da na shekara biyu ina ɗagawa bai ci mini awa ɗaya ba. Na koma ina kwafe komai sau uku a yini kamar mai taɓin hankali, amma bai dawo da abin da ya tafi ba. Idan aka tashi daga aiki ba na iya wucewa gida. Sai in hau babur in je gadar Binuwai in tsaya, minti biyar ba ta cika ba na juya kasuwa, in je rumfar mahaifina, kafin ya gama sallamar mai saye na tashi. Ranar Asabar kuwa ko wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, alhali na san ba zai kira ba. Mahaifiyata ta fara neman mini rubutu, tana zaton wani ne ya sa mini hannu.

Ranar sutnans dattijon ya zo. Na hango shi a kujerar baya cikin sabon ɗinki, da gani don ranar aka yi shi, yana tafa wa abokan karatunsa ɗaya bayan ɗaya. Da aka tashi ya tako har inda nake ɓuya a bayan na'urar haska allo, ya ba ni hannu, ya tambayi gida da aiki kamar yadda ya saba, ya ce useko, wato na gode, da wahalar da na yi da shi shekara biyu. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Duk da haka sai da na ƙara wata biyu ina kai-kawo kafin na faɗa wa mahaifina. Yana kankare katakon yanka ya saurare ni har na gama, bai ɗago ba. Ya ce shi a sana'arsu wuƙa takan kuskure, kowa ya san haka, amma wanda ya yanka mushe ya rantse halal ne, ba a sake cin namansa. Ya ce in tashi daga rumfarsa, kada in dawo sai na je na wanke mutumin nan.

Washegari na faɗa wa shugaba komai. Ya yi faɗa sosai, ya rubuta mini takardar gargaɗi, ya sa wani a kaina, ya kuma ba ni wasiƙa in kai wa dattijon cewa makaranta ta buɗe masa ƙofa ya dawo ya sake aikin. Na shiga mota zuwa Kaele, daga can na hau babur zuwa ƙauyen. Na same shi da yamma a ƙofar gidansa, audugar gonakin da ke kewaye ta fara fari. Na durƙusa na faɗa masa gaskiya tun daga kwalin har zuwa ƙaryar da na yi a ofis. Ya ce ya sani. Wani ɗalibi daga Bibemi da tasa ta ɓace a rana ɗaya ya faɗa masa, ya lissafa ya gane. Bai kai ƙara ba don yana son ya ga ko zan zo da ƙafata. Ya ce aikin bai kai zafin maganar ba. Labari ya riga shi isowa gida cewa tsufa ya sa ya goge aikinsa da hannunsa, har malaman da yake gaba da su suna yi masa dariya a bayan ido, manoman da suka ba shi littattafansu kuma suna tambayarsa ina abin da ya yi musu alkawari. Ya ce in da gaske nake, in maimaita abin da na faɗa a gabansu. Aka kira matarsa da malamai biyu da wasu dattawa, na miƙe tsaye na faɗa da Fillanci. Babu wanda ya zage ni. Wata tsohuwa ce kawai ta ce Allah ya shirye ni.

Na miƙa masa wasiƙar, na roƙe shi ya dawo, na ce ni zan bi ƙauyukan in sake aro littattafan, in zauna da shi mu gina komai. Ya karanta, ya ninke ta, ya ce biyu daga cikin masu littattafan sun rasu, 'ya'yansu ba su san inda suka shiga ba, shi kuma ƙafarsa ba ta ƙara ɗaukar hanyar Kaele duk Asabar, ritaya kuma ta matso. Bai dawo ba. Ya sa aka ba ni ruwa da gyaɗa, ya raka ni bakin hanya da sandarsa, ya ce in gaida mahaifina. Na tambaye shi ko ya yafe mini, ya ce yana kan ƙoƙari. Har yau ban sami amsar da ta wuce wannan ba, kuma ban ga ina da bakin neman ƙari ba.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana matasa da ake damƙa wa irin wannan aiki, don yanzu makarantu da yawa sun koma ajiye wahalar mutane a cikin na'urori. Abin da kake gani a allo kamar layin suna da lamba, shekarun wani ne da zufarsa. Kada ka ce an yi abin da niyyarsa kawai ka yi. Shirun mutum kuma ba shaida ba ce cewa ya tafi, wataƙila yana kwance ne a inda murya ba ta kaiwa. In kuwa ka yi ɓarna, ka faɗa a ranar, domin na gane kuskure ana iya ɗaukarsa, ƙaryar da aka lulluɓe shi da ita ce ke danne marar laifi. Ku kuma ɗalibai, ko wa ya rantse muku, ku riƙe kwafin aikinku a hannunku.

Har yanzu wannan aikin nake yi, a wata makarantar. Ba na goge komai sai na ji muryar mai shi da kunnena. A yanzu haka akwai wata ɗaliba da ta yi wata takwas ba ta shiga ba, lambarta ba ta tafiya, babu wanda ya san inda take. An yi mini magana sau uku cewa tata ta tare wuri. Tana nan, ban taɓa ta ba.