Kawu Isiyaku Mai Kango

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Isiyaku waya ya ce, "Kawu, dubi wannan hoton," ya san abin da zai biyo baya. Ba zai kalli hoton ba tukuna. Zai ture tabaransa saman goshi, ya dube ka, ya ce, "Wa ya ɗauka?"

Ranar da na haifi Ummi, maigidana ya ruga shagon Kawu na agogo a unguwar Ogui yana washe baki, ya nuna masa jaririyar a waya.

"Wa ya ɗauka?"

"Wata nas ce, Kawu."

"Sunanta?"

"Ban tambaya ba."

"To koma ka tambayo, sannan in yi maka barka."

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ku mutanen Inugu kun san inda ya samo sunan Mai Kango. Mutane na ɗaukar hoton biki da suna, shi kuwa sai wurin da kowa ya watse ya bari: tsofaffin kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa, bakin ramukan kwal da aka rufe, masana'antar da ciyawa ta cinye. Ran Lahadi zai rataya kyamara, ya hau okada, ya dawo da ƙaiƙayi har wuya yana murna kamar wanda ya dawo daga Makka.

Lokacin aurena Mama ta ce ba za a ɗauko mai hoto ba, tunda ga ɗan'uwanta. Kawu ya zo da wuri, ya sha babbar riga, muna ta jin ƙyas-ƙyas ta bayan rumfa. Da hotuna suka fito muka taru muna dubawa. Tagar da ba ƙyaure. Matattakalar da ta rufta. Bishiyar gwanda da ta tsiro a tsakar falo. Ashe wani tsohon gida ya hango bayan filin bikin! Ni amarya sau ɗaya na fito, shi ma gefen gyalena ne.

Mama ta dafe kai. "Isiyaku, ina 'yata?"

"Yaya, 'yarki ga ta nan zaune, kullum za ki gan ta. Gidan nan kuwa wata mai zuwa za a rushe shi."

An kuwa rushe shi. Mama ta yi wata ba ta amsa gaisuwarsa ba.

Wata ɗabi'ar tasa, ba ya shiga kango sai ya yi sallama. Ya ce gida gida ne, ko ba kowa. Abokinsa Baba Yohanna, mutumin Kafancan da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, shi ke raka shi, kuma shi ya ba mu labarin abin da ya faru a garin Anaca. Sun sami wani tsohon gidan silima can bayan Kasuwar Relief, duhu ƙirin, jemagu sun cika rufin. Kawu ya tsaya a ƙofa ya gyara murya.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Daga can cikin duhu aka ce, "Wa alaikumus salam. Shigo mana."

Baba Yohanna ya ce kafin ya waiwaya Kawu ya kai bakin titi, takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe wani mai albasa ne ya mai da wurin ma'ajiya, ya kishingiɗa kan buhuna. Da aka lallaso Kawu ya dawo, Baba Yohanna na dariya har da hawaye.

"Isiyaku, shekara nawa kana sallama, yau an amsa ka gudu?"

"Wa ya gudu? Baya na ja in ga ginin gaba ɗaya."

Da 'yarsa Hadiza ta buɗe masa shafi a intanet, rigima ta tashi sabuwa. Tana sa sunansa a ƙasan kowane hoto, 'yan zamani su yanke gefen, su watsa kamar nasu. Kawu ya daina cin abinci da daɗi. Hadiza ta ce, "Baba, haka intanet yake, ka yi haƙuri." Ya ce shi bai ga intanet a cikin ƙaiƙayi ba ranar da yake ɗauka.

Sai ya ɓullo da dabara. Yana da wata jar dara da ta koɗe ta koma ruwan goro. Duk inda zai ɗauki hoto, sai ya cire ta ya ɗora a tsakiya, kan taga ko kan tsohon inji. "To, su yanke wannan in gani!"

Ba a jima ba wani matashi a Fatakwal, mai shafi da mabiya rututu, ya sa hoton kwatas ɗin jirgin ƙasa ya rubuta cewa shi ya ɗauka. Wani ya tambaye shi hular fa, ya ce ta marigayi babansa ce, yana ajiye ta don tunawa. Hadiza ta karanta wa Kawu. Washegari ya ce in raka shi, muka hau mota.

A unguwar Mile One ta Fatakwal ba a ɓata. Muka tambayi mahauta, mahauta suka haɗa mu da masu doya, kafin la'asar ga mu a shagon sayar da waya. Yaron, Nura, ɗan gayu ne, haihuwar can. Kawu ya gaishe shi gaisuwar manya, ya tambayi gida da kasuwa, sannan ya ciro dara daga aljihu ya ajiye kan teburin.

"Ga hular babanka ta zo gaishe ka."

Wayyo! Nura ya dubi hula, ya dubi Kawu. "Baba, abeg, no vex, ka yi haƙuri. Wallahi wasa ne."

"Babanka na da rai?"

"Yana gida, lafiyarsa ƙalau."

"Ka sace min hoto, ka kashe ubanka, duk a layi ɗaya. Kai, sannu da aiki!"

Maƙwabtan shago suka fashe. Nura ya ce a faɗi abin da za a ba Baba a rufe magana. Kawu ya ce shi ba ciniki ya zo ba, sunansa yake so, a sama, inda kowa zai gani. Ya ja kujera ya zauna har aka rubuta, ya sa aka gyara harafi ɗaya, ya kuma cinye shinkafar da yaron ya sayo wa kansa.

A hanyar dawowa na ce, "Kawu, duk wannan tafiyar saboda suna?" Ya ce in jira. Bayan 'yan makonni wata dattijuwa ta zo shagonsa da jikanta. Ta ga hoton a shafin Nura, ta ga sunan, ta yi ta tambaya har ta iso. A ɗakin nan mai tsagaggen bango na cikin hoton aka haife ta, babanta direban jirgi ne. Ta riƙe hoton tana nuna inda mahaifiyarta ke girki, tana share ido. Kawu ya wanke mata babba ya ba ta kyauta. Da ta fita ya juyo gare ni.

"Da an yanke sunan, wa za ta nema? Intanet?"

Bai daɗe yana jinya ba Allah ya yi masa rasuwa. Ranar ta'aziyya wasu samari suka shigo, 'yan dako da masu turin baro daga ƙauyukan Arewa, ba wanda ya san su. Suka durƙusa gaban Mama. Babbansu ya ce a kangaye Kawu ya same su suna kwana lokacin da suka sauka garin ba su san kowa ba. Bai taɓa ɗaukarsu hoto ba, bai taɓa faɗa wa kowa wurin ba don kada a kore su, kuma shi ya yi ta kai su wurin masu unguwa har kowa ya sami ɗaki. Mama ta rufe fuska da mayafi.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya sama wa 'ya'yan mutane wurin kwana, ya Allah ka sama masa masauki mafi kyau a wurinka. Amin.