Zanen Kakata da Man Kaɗe

A shekarar da Gwalkwas ta koma Gana na sayi kyamarata ta farko, wata 'yar baƙar akwati mai ido ɗaya, a hannun wani tsohon soja da ya gaji da ita. Ni tela ne a zangon Tamale, ɗinkin kayan bikin 'yanci ya ɗan sa aljihuna ya yi nauyi. Tun daga ranar keken ɗinkina ya sami hutu, masu kaya kuma suka shiga sintiri.

Ni dai ban iya barin abu yadda na same shi ba. Hoto sak irin na kowa ba ya burge ni. Na yafa wa idon kyamarar gidan sauro, na ɗauki masu tallar nono da ke shigowa daga Choggu, suka fito kamar a cikin hayaƙin murhu. Na kara gindin kwalba a idon, jakin maƙwabcinmu ya fito kai ya fi gangar jiki. Bayaraben da ke wanke mini fim a bakin kasuwa, da ya hango ni tafe sai ya fara dariya tun ban yi sallama ba. Abin da na fi ji da shi kuwa man kaɗe ne. In ka shafa kaɗan a ɓallin gilashi ka riƙe a gaban idon, fuska sai ta fito sumul, haske na zagaye da ita. 'Yan matan unguwa suka yi mini caa, kaina ya kumbura.

Mutum ɗaya ce ta ƙi tsayawa gabana, kakata ta wajen uba. Bagobira ce, ta biyo ayarin fataken goro tana da ƙuruciya, aure ya zaunar da ita, ba ta sake taka gida ba. Muna wasan jika da kaka, ina ce mata amarya, tana ce mini mijin banza mai akwatin shaiɗan. Sai ga shi wata safiya ita da kanta ta aiko a kira ni. Wani ɗan kasuwar goro da ke kai kaya Sakkwato ya ji labarin wani tsoho a wani ƙauyen Gobir, wanda yayarsa ta tafi Gwanja ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Kaka ta bar ƙane a gida. Tana so a kai wa tsohon hotonta, in shi ne zai gane ta.

Na ce yau amarya za ta ga aiki. Na zaunar da ita a inuwar darbejiya, na lafta man kaɗe son raina. Da hoton ya fito, duk gidan aka taru ana santi. Kaka ta koma yarinya shar, babu tamoji ko ɗaya. Ta karɓa, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta juya bayansa.

"Wannan 'yar waye?"

Na ce ita ce mana.

"To ina zanena? Ka shafe mani gida, da mi zai gane ni?"

Sai a lokacin na lura. Zanen Gobirawa da ya taso daga gefen bakinta zuwa kunne ya narke ƙaf tare da tamojin. Ta ce ranar da aka yi mata aska ta motsa, hannun wanzami ya goce, layi ɗaya a kuncin hagu ya karkace ya nufi ido. Duk danginsu ita kaɗai ke da shi. Haushi ya kama ni, don hoton ya yi kyau, kuma na san ta fi ni gaskiya. Ga shi motar mai goro za ta tashi bayan Juma'a.

Kyamarata ba ta ganin abu kusa, in ka matso sai komai ya dagule. Na ari tabaran karatun babana, na ɗaure ido ɗaya a bakin kyamarar da zaren ɗinki. Na fito da Kaka da hantsi, na juya ta yadda rana za ta bugi kuncin daga gefe, kowane layi ya sami inuwarsa. Ta yi ta mita, wai zan soya ta kamar ƙosai. Ban san daidai tazarar ba, don haka na yi ta matsowa ina ja da baya har fim ya ƙare. Guda ɗaya ya fito tar. Ga zanen, ga karkataccen layin, ga tamoji ko'ina, har gashin gira fari ana ƙirgawa. Matan gida suka ce na ci mutuncin tsohuwa. Ita kuwa ko kallo na biyu ba ta yi masa ba, ta naɗe a tsumma ta miƙa wa mai goro.

Sai bayan damina ya dawo. Ya shigo da ƙullin daddawa da gaisuwa buhu-buhu, ya ce tsohon ƙanenta ne, yana nan da ransa da jikoki cike da gida. Aka ɓarke da guɗa. Kaka ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta tambaya ko layin ya fara gani.

Mai goro ya ce, "A'a, Inna, layin daga baya ne. Foton ya kama shi sosai. Yana karɓa ya zauna ƙasa, ya ce wa ya ɗauki uwarsu, ai ta daɗe da rasuwa. Ya ce haka take sak a ƙarshen kwananta."

Kaka ta bar uwarta da baƙin gashi, ba ta taɓa ganin tsufanta ba. Can ta waiwayo ta dube ni, ba wasa a muryarta.

"Maigida, je ka wanko mani wani. In ga innata."